Abincin Ambaliya

Ni dai tun tasowata ba na shiri da kare. In na hango shi a hanya canza gefe nake yi, in kuwa ya shinshina mini wando, to ranar sai na yi wanki. Amma ga ni nan, ni Yunusa mai babur, da furfurata da komai, na wayi gari ina zagaye kasuwar Haɗeja ina tambayar mahauta wane irin nama ne karya mai tsirfa za ta yarda ta ci. Wanda ya ja mini wannan aiki kuwa Fannami ne.

Fannami Babarbare ne, ni Bafulatani, ka ga ke nan tun ranar da muka haɗu babu wanda ya taɓa raga wa wani. In na sauka daga babur sai in ce, "Babarbare, jiya ma biski aka kwana ci?" Shi kuma ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Fillo, ina shanun? Ko babur ɗin ake tatsa yanzu?" Gaisuwarmu ke nan tun muna da baƙin gashi.

Yana ƙaramin yaro ubansa ya taso da shi daga bakin Tafkin Chadi, suka sauka a wani ƙauye da ke gefen Auyo, inda fadama take cika kowace damina. Uban masunci ne. Shi Fannami ƙirjinsa bai da ƙarfi, sanyin ruwa yana kwantar da shi, hayaƙin banda kuma yana sa shi tari har ya durƙusa. A garin da kowa ke banda, shi sai ya kama wata hanya daban. Ya kafa doguwar rumfa a kan tudu, ya bar gefunanta a buɗe. In masunta sun fito, ya sayi karfasa da ƙawara, ya tsaga, ya cire hanji, ya wanke tas, ya rataye su a igiya cikin inuwa, iska ta yi sauran aikin. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba ya ma yarda rana ta doke su kai tsaye. Cewa yake rana tana ƙone baya ta bar ciki da danshi. Matan Haɗeja masu miyar kuka suna son kifinsa, ni kuma aikina in ɗauko kwanduna a bayan babur in kai kasuwa.

Mutum ne mai rowar magana. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa Bushira tana aure a cikin Haɗeja, ɗansa Abdulfattah yana sayar da wayoyi a Kano. Sun yi sun yi ya dawo gari ya huta, ya ce shi iskar gari ba ta busar da komai sai maƙogwaro.

Shekarar da ruwa ya yi ɓarna sosai, ya shiga kwalekwale ya je duba abin da ya rage na rumfarsa. A hanya ya ga tarin ciyawar kacala yana tafiya a kan ruwa, a samansa kuma 'yar kwikwiya tana rawar ɗari. Ya tura ta da filafilin tuƙi cikin ƙwarya ya kawo ta tudu. Mutane suka ce, "Haba Fannami, jama'a na neman inda za su sa kai, kai kare ka tsinto?" Ya sa mata suna Ambaliya, ta girma ta zama wata ja mai tsayin ƙafa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

To a nan abin mamakin yake. Ambaliya ita ce mai gadin rumfa. Shirwa ba ta isa ta sauko ba, mage ba ta isa ta raɓo ba, akuya ma sai dai ta hanga daga nesa. Amma ita kanta kwanciya take yi a ƙarƙashin igiyoyin, kifi na lilo a saman kanta, ko kallonsa ba ta yi. Da idona na ga karfasa ta zame daga igiya ta faɗo a gaban hancinta, wallahi sai ta kau da kai kamar sabuwar suruka. Kare fa! Abin nan ya tsaya mini a rai. Na ce, "Babarbare, faɗi gaskiya, wane asiri ka yi mata?"

Ya ce, "Tarbiyya ce, Fillo. Ba a sayar da ita a rugage."

Daga baya na lura da wani abu kuma: duk garin babu wanda ya taɓa ganin Ambaliya tana cin abinci. Ga ta da ƙiba, gashinta na sheƙi, amma yaushe take ci? Da sassafe, kafin masunta su fito, Fannami yakan ɗauki ɗan buhu ya zaga da ita bayan rumfa, inda zana ta kare su. Rannan na yi sammako da gangan don in leƙa. Yana hango ni sai ya tsaya cak ya ce tayata ta baya ta yi laushi. Na sunkuya ina latsa taya, lafiyarta ƙalau, kafin in ɗago sun gama sun fito, karya na lasar baki, shi yana goge hannu a riga. Ɗan nema! Na ce wata rana sai na kama shi.

Ban kama shi ba. Ciwo ne ya riga ni.

Bayan an gama yankan shinkafa, wata rana masunta suka fito suka tarar da shi a yashe a bakin rumfa, Ambaliya na zagaye shi tana kuka. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallame shi, Bushira ta kai shi gidanta, mijinta ya gyara masa ɗakin zaure. Na je duba shi, na shiga da tsiyata a baki kamar kullum, ina ganinsa sai ta maƙale. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke ɗungurungum. Mutumin da bai taɓa bari na yi maganar ƙarshe ba, ga shi yana kallona kawai. Hawaye suka zo mini, na ce ƙura ce ta shiga idona a hanya.

Ya ɗaga hannun hagu ya shimfiɗa tafin daidai tsayin gwiwa, yana kallona.

Bushira ta ce, "Baba Yunusa, haka yake yi wa duk wanda ya shigo. Karyar yake tambaya." Ta ja ni waje ta rage murya. "An aiko mini daga ƙauye cewa tun da aka ɗauko shi ba ta ci komai ba. Ni kuma nan kunu ma da ƙyar nake ɗura masa, sai ya kau da kai. Ina tsoron in ta mutu ya ji. Kai ne kake bin hanyar kullum. Don Allah, Baba, ka taimaka ka sa ta ci."

Na ce, "Ni? Ciyar da kare? Bushira, kin san da wa kike magana kuwa?"

Ta dube ni kawai. Idon ubanta ne sak. Washegari da safe ina kan hanyar Auyo da ƙanzo a leda.

Na same ta kwance a ƙarƙashin igiyoyin, ragowar kifin da bai kai ga kwashewa ba yana rataye a samanta, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ta rame, haƙarƙarinta sun fito. Maƙwabta suka ce ruwa kaɗai take sha, sai 'yar fara ko ƙadangare in ta kama. Na zuba mata ƙanzon daga nesa. Ta taso, ta shinshina, ta zauna, ta zuba mini ido. Na ce, "To ci mana, gimbiya!" Ko motsi.

Na ce ƙila ƙanzo ne ta raina. Na ciro karfasa ɗaya daga igiyar maigidanta na jefa mata. Yawu ya dalalo daga bakinta har ƙasa, jikinta na ɓari, amma ba ta taɓa ba. Ta kalli kifin, ta kalle ni, ta sake kallon kifin. Ikon Allah!

Daga nan abin ya zame mini kamar ciwo. Da farko don Bushira nake yi, amma gaskiya daga baya son sani ne ya kama ni. Wace irin dabba ce yunwa ke cinta, abinci na gabanta, tana so, ta ƙi ci? Na kai mata banda mai ƙamshi, ta yi atishawa ta ja da baya. Na ce to hayaƙi ne ba ta so, ai gidan da ta tashi ba a yin sa. Na kai mata kilishi, wani dattijo ya ce in kiyaye, yaji yana ɓata wa kare ciki. Na koma wurin mai kilishin na ce ya ba ni wanda aka shanya ba a tsoma a labu, kwaɓin yajin nan, ba. Ya tambaye ni na waye, na ce na mara lafiya ne. Ai ban yi ƙarya ba. Na sa mahauci ya yanka mini hanta siri-siri, na shanya ta da kaina a inuwa kamar yadda na ga Fannami na yi, matata tana kallona tana tafa hannu. Duk wanda na ajiye, abu ɗaya take yi: ta shinshina, ta zauna, yawu na zuba, ta kafa mini ido.

Mutanen gari kowa da nasa bayanin. Wani ya ce kewar maigida ce. Wani ya ce a canza mata kwano. Wata tsohuwa ta ce iskokin fadama ne suke son kayansu, tunda a ruwa aka tsince ta. Na ɗauko malamin dabbobi a babur, ya duba haƙoranta da harshenta, ya latsa cikinta, ya ce shi bai ga cuta ba, amma in ta ci gaba a haka ba za ta daɗe ba.

Shi kuwa Abdulfattah da ya ji labari sai ya aiko da wata jaka mai ƙyalli daga Kano, a motar haya. Ya kira ni a waya ya ce, "Baba Yunusa, wannan abincin karnukan masu hali ne. An rubuta a jiki cewa da iska aka busar da shi, ba a dafa ba, kuma musamman don masu zaɓen abinci aka yi shi." Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Wato abin da ubanka yake yi a rumfar kara shi ne aka zuba a jaka aka sa hoto?" Da na buɗe, tsoka ce a yayyanke ƙanana, da wani ƙamshi mai daɗi har sai da na kai ɗaya kusa da hanci. Ina yin haka sai na ga Ambaliya ta zabura ta miƙe tsaye, kunnen nan na kwance ma ya tashi. Na yi a'uzubillahi na jefa mata. Ta dubi abin a ƙasa, ta koma ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. A hanyar dawowa abin yana ta yi mini yawo a kai. Na lura duk lokacin da take kallona, bakina take kafa wa ido. Amma me take nema a bakina, oho.

Ranar da na tarar ba ta iya tashi ta kori shirwa ba, na san magana ta zo ƙarshe. Na je wa Bushira na ce, "Mutum ɗaya ne ya san yadda take ci, shi kuma ba ya magana. Sai dai mu kawo masa ita ya nuna mana." Mijinta ya ce ba za ta shiga gida ba, amma ƙofar gida ai ta kowa ce. Na shimfiɗa buhu a cikin kwandon kifi, na sa maƙwabcin Fannami ya ɗaga ta ya saka, na ɗaure a bayan babur. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwaso duk tarkacen da na gwada, har da ɗan buhun nan da yake zagawa da shi bayan rumfa.

Da la'asar muka fito da Fannami, muka jingina shi da bango a kan tabarma a gindin darbejiya. Ka san Haɗeja da son kallo. Kafin in kwance kwandon, masu adaidaita sahu sun tsaya, teloli sun bar kekunansu, mai shayi ya taho da ludayinsa a hannu. Ambaliya ta fito tana tangaɗi. Da ta gan shi sai ta yi wani siririn kuka, ta ja ciki ta je ta kwanta daidai bakin tabarma, ba ta hau ba. Shi kuma ya zuba mata ido, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Na jera masa komai a kan faifai: banda, kilishi, hanta, na jakar Kano, da kifinsa. Na ce, "To Babarbare, ga kasuwa nan. Wanne ne nata?"

Ya ture banda da bayan hannu. Ya ɗauki na jaka ya shinshina, ya jujjuya shi, ya ajiye. Ya ɗauki tsagin karfasa ɗaya daga nasa. Sai ya tsaya. Ya dubi taron nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana kallona, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Kunya ce. Fannami yana jin kunyata! Ya sake duban karyar, ya ga haƙarƙarinta.

Sai ya kai kifin bakinsa.

Bushira ta ce, "Baba, zai shaƙe ka!" ta kai hannu. Ya kauce mata. Bakin ya ƙi kamawa, kifin ya zame, ya mayar da shi ɓangaren da ke da rai, ya yi ta fama, yawu na bin gemunsa, har ya gatsa. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, kowa na ji. Sannan ya jefa mata ragowar da hannun hagu.

Kafin ya taɓa ƙasa ta cafke.

Ashe abin ke nan! Tun tana 'yar kwikwiya ya koya mata cewa duk abin da bai fara gatsa ba, ba nata ba ne. Shi ya sa take kwana a ƙarƙashin kifi ba ta taɓawa, shi ya sa ɓarawo ba zai iya jefa mata nama ta ci ba. Shi ya sa kuma yake ɓuya a bayan zana, don ya san garinmu: a ce dattijo kamarsa yana raba loma da kare, ai har jikokinsa sai an yi musu waƙa. Ni da kaina da na gani a lokacin da yake da lafiya, wallahi da ya shiga uku da ni.

Wani matashi a cikin masu kallo ya fara ƙyalƙyala dariya. Na juya na ce, "Kai, in ka gama sai ka kama gabanka." Ya haɗiye ta.

Ambaliya ta lashe baki ta sake kafa masa ido. Ya ɗauki wani ya gatsa ya jefa. Ya kuma. Kowane tsagi sai ya ci kafin ta ci. Bushira tana durƙushe a gefe tana kuka tana dariya, ta ce, "Baba Yunusa, tun da ya kwanta bai ci kamar haka ba." Ta ruga ciki ta kawo kunu, ya sha don ya tura kifin.

Na ɗauka an gama. Ina tattara faifai sai ya riƙo mini hannun riga. Ya ɗauki tsagi ɗaya, bai gatsa ba, ya miƙo mini.

Na ce, "A'a, Babarbare, kar mu yi haka da kai. A gaban mutane?"

Bai saki rigar ba. Ya nuna bakina, ya nuna karyar, sannan ya dafa ƙirjinsa ya girgiza kai a hankali. Na gane abin da yake nufi, kuma ban so na gane ba. Mutumin nan ya san jikinsa. Yana so kafin ƙarfinsa ya ƙare ya ga ta yarda da bakin wani.

Na karɓa. Kifi ne dai, halal, ni na sha kai shi kasuwa. Na yi bisimilla na gatsa, na tauna, na jefa mata. Ta bar shi ya faɗi ƙasa. Ta dube shi, ta dubi Fannami. Ya gyaɗa mata kai. Ta ɗan jima, sannan ta sunkuya ta ɗauka.

Sai na ji wani sauti a gefena kamar tari. Na juya a tsorace, ashe dariya yake yi da rabin bakinsa, yana nuna ni da yatsa, hawaye na gangaro masa. Ko bai furta ba na ji ta sarai: Fillo, yau kai ne mai ɗanɗana wa kare. Ya dai sake yin maganar ƙarshe.

Yanzu Ambaliya tana nan a gindin darbejiyar, mijin Bushira ya kafa mata 'yar bukka. Ta murmure, gashinta ya dawo. Rumfar Auyo kuwa iska ta kwashe rufinta, kifin Fannami ya ƙare tuni, don haka ni nake zaɓo mata abinci, kuma zaɓen ba wasa ba ne. Kar ya sha hayaƙi, kar a sa yaji, kar gishiri ya yi yawa, ya bushe har ciki yadda ba zai yi tsutsa ba, kuma kar ya yi taurin da haƙorin mara lafiya ba zai iya ba. Jakar Kano na ba wa malamin dabbobi, don ban san wanda ya yanka naman ba, abin da ba zan sa a bakina ba kuwa ba shi da amfani a wurinta. In na tsaya gaban mai busasshen kifi ko mahauci sai na ɗanɗana kafin in saya. Suna cewa, "Malam Yunusa, wannan tsirfa haka, na waye?" In ce musu na gida ne.

Kullum da safe kafin in kama hanya nakan biya. A fito da Fannami kan tabarma, in ajiye masa faifai a gefen hagu. Ranar da ya ji ƙarfi, shi yake gatsawa ya jefa mata, ni in zauna in yi ta yi masa tsiya. Ranar da bai ji ba, sai ya turo mini faifan da yatsa.

Kwanan nan ya fi yawan turowa.